Gwangwani Biyu da Fadamar Malam Haladu

Duk wanda ya shigo shagona a Birnin Kudu, kafin idonsa ya kai kan kwamfuta, gwangwanin madara biyu yake fara gani a kan tebur, ɗaya a dama ɗaya a hagu, da 'ya'yan tsamiya arba'in rabe a cikinsu. Samarin nan da ke cinikin hannun jari a waya sukan tambaye ni ko dara nake yi in ciniki ya yi sanyi. Wani cikinsu har cewa ya yi, wai Baba Garba sana'ar nan ai ba ta da wuya, ka saya da araha ka sayar da tsada, shi ke nan. Na ce masa gaskiyarsa, noma ma haka yake, ka zuba iri ka kwashe hatsi. Saboda irinsa na zauna rubuta wannan, don ya san gwangwanayen nan sun taɓa hana a sayar da fadamar da ke ciyar da gida guda.

Ni ba da takarda na fara ba, da buhu na fara. Shekara shida na yi ina bin Alhaji Buba, dillalin hatsi a kasuwar Gwaram. Iyayensa makiyaya ne, shi ya zauna a gari, amma bakinsa bai taɓa rabuwa da zancen shanu ba. Ranar kasuwa ba ya taya ko tiya ɗaya sai ya damƙa mini 'ya'yan tsamiya ashirin ya ce in zaga. Gero, dawa, masara, wake, gyaɗa, riɗi, shinkafa, zoɓo, har barkono da busasshiyar kuɓewa, kowanne in tambayi kuɗinsa. Wanda ya haura yadda aka saba sayensa a 'yan makonnin nan, in jefa ƙwaya ɗaya a aljihun dama. Wanda ya gaza, aljihun hagu. In na dawo in zazzage masa a kan buhu, ya dubi tsibi biyun, sannan ya fara ciniki.

Akwai ranar da riɗi ya haukace. Masu saye sun zo daga Kano da manyan motoci, kowa yana cewa kaya sun tashi, a saya a ɓoye. Na zaga na dawo da ƙwaya huɗu a dama, goma sha shida a hagu. Alhaji Buba ya sa aka buɗe sito ya sayar da riɗinsa kaf a ranar, ana yi masa kallon wanda ya zautu. Da na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Garba, ba a duba lafiyar garke a tozon bajimi. Na baya ake dubawa." Kasuwa biyu tsakani motocin Kano suka daina zuwa, waɗanda suka ɓoye riɗi suka kwana da shi har damina.

Da aka ba mu Jihar Jigawa, ma'aikata suka yi ta dawowa gida daga Kano da iyalansu. A ƙasan akwatin da yawa daga cikinsu akwai takardun hannun jarin kamfanoni da suka saya tun suna can, wasu ba su ma san ana biyan ribar shekara a kai ba. Na ga aiki a kwance babu mai yi. Na nemi iznin Alhaji Buba na tafi Kano, na yi shekara biyu a wani ofishin dillalan hannun jari ina cike fom, ina bin sawun takardun da suka maƙale, ina kasa kunne. A can na ga manyan ofishin suna wani lissafi. Sai su tara farashin kamfani na kwana hamsin da suka wuce su raba da hamsin. Gobe su cire ranar da ta fi tsufa su sa ta yau, su sake rabawa. Wannan shi ne matsakaici mai tafiya, kuma amfaninsa ka san ko farashin yau yana sama da yadda aka saba ko yana ƙasa. Lissafin bai ba ni tsoro ba, don Malam Haladu, hedimastanmu na firamare a Maruta, ya koya mana matsakaici da tsumagiya, sai dai bayana ya fi kaina riƙe darasin.

Abin da na lura da shi, su kamfani ɗaya-ɗaya suke yi wa wannan awon. Sauran hankalin kowa yana kan babban ma'aunin kasuwa, lambar nan guda da ake karantawa a labarai a ce kasuwa ta tashi ko ta sauka. Ita kuwa lambar, manyan kamfanoni ke da rinjaye a cikinta. Biyar ko shida in suka tashi sai ta tashi, ko da sauran duk suna kwance. Na ce a raina, ai wannan tozon bajimi ne. Sai na haɗa lissafin Kano da aljihun Alhaji Buba: na zaɓi kamfani arba'in, manya da ƙanana, kowanne in auna shi da matsakaicinsa, wanda ke sama ƙwayarsa ta tafi dama, wanda ke ƙasa ta tafi hagu. Daga baya na ji cewa Turawa sun daɗe suna yi har sun raɗa masa suna, yanzu ma wayarku tana nuna shi. Ban yi musu ba, amma ni a kasuwar Gwaram na koya.

Da na dawo na buɗe shago a matsayin wakilin ofishin nan na Kano, kayan aikina ba su cika jaka ba. Littafin rubutu huɗu irin na 'yan makaranta, kowanne kamfani goma. Kalkuleta mai aiki da hasken rana. Gilashin ƙara girma, don farashin da ake bugawa a jarida ƙanana ne kamar ƙwayar riɗi. Jaridar kuma motar Kano ke kawo ta bayan azahar, farashin jiya ne a ciki. Daga la'asar zuwa kusan magariba ina kan tebur, kowace ranar aiki, babu fashi, don in ka tsallake rana ɗaya lissafin hamsin ya gurgunce. Akwai ranar da direba ya manta da jaridata a tasha, na bi sawunta har wurin mai tsire, na karɓo shafin farashi ya jiƙe da mai. A cikin arba'in ɗin har da kamfanin giya. Ban taɓa saya wa kowa shi ba, ban taɓa saya wa kaina ba, amma ina ƙirga shi, don mai ƙidayar garke ba ya tsallake saniya saboda ba ya son kalarta.

Karatun gwangwanin ba shi da tsawo. In lambar labarai tana hawa, gwangwanin dama kuma yana cika, garke lafiya lau. In lambar tana hawa, amma dama tana ramewa, to 'yan bajimai ne ke jan gaba, na baya sun gaji. In kusan duka ƙwayoyin suka koma hagu, mutane suna salati, sannan ka ga sun fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, lokacin duba abin saye ya yi. Abin da gwangwani ba ya faɗa shi ne rana. Zai ce maka hadari ya haɗu, ba zai ce maka ƙarfe nawa ruwa zai sauko ba, kuma a nan ne mai sana'ar nan yake shan kunya kafin ya sha yabo.

Masu zuwa wurina malaman makaranta ne, ma'aikatan ƙaramar hukuma, 'yan kasuwa, direbobi, 'yan fansho. Mutanenmu suna da wata ɗabi'a: takardar hannun jari a wurinsu takardar gona ce. A saya, a naɗe a leda, a sa ƙasan akwati tare da kayan Sallah. Saye suke ganin mutunci, sayarwa kuwa kamar ka ce wa mutum ya karya rumbu. Na fi shan wuya wajen sa mutum ya sayar fiye da sa shi ya saya.

Sai shekarar nan ta zo da bankuna suka cika gari da tallar hannun jari. Fom har a teburin mai shayi. Wanda ya saya da safe sai ya ji kansa attajiri da yamma. Wani saurayi mai suna Ɗanlami ya buɗe shago kusa da tasha, kullum cikin kwat duk zafin nan, yana haɗa mutane da bashin da za su ƙara saye. Lambar labarai kuwa kullum sai ta taka inda ba ta taɓa takawa ba. Ni kuma ina kallon gwangwanin dama. Da kaka ƙwaya talatin da uku ne a ciki. Kafin Babbar Sallah sun koma ashirin da shida. Bayan Sallah goma sha tara. Kamfanonin siminti, fulawa, sabulu, inshora, ɗaya bayan ɗaya suna zamewa ƙasan matsakaicinsu shiru, bankuna kaɗai ke ta gudu a gaba.

Ranar da dama ta koma goma sha huɗu, Malam Haladu ya faka tsohon babur ɗinsa a ƙofar shagona. Ya yi ritaya da daɗewa, kuma shekara biyu kafin nan ni na zuba masa garatutinsa a hannun jarin bankuna uku, kuɗin sun ninka. Na durƙusa na gaishe shi kamar yadda na saba, na ba shi kujerata. Ya ce ya yanke shawara zai sayar da fadamarsa ta Maruta ya ƙara a kan na bankin, har ya sami mai saye, in kawo fom. Fadamar nan na san ta. Gadon mahaifinsa ce, albasa da tumatirin da ake nomawa a cikinta da rani su ke riƙe gidansa, shi da matansa da jikokin da ke hannunsa, don fansho ba kullum yake zuwa a kan kari ba. 

Na ce, "Malam, ka gafarce ni, ba zan cike fom ɗin nan ba."

Ya cire tabarau ya dube ni irin kallon da yake yi mana in ya kira mutum gaban allo. "Garba, kai da ka maimaita aji huɗu saboda lissafi, yau kai za ka koya mini?"

Na zazzage gwangwanayen a gabansa, na buɗe littattafan. Malami malami ne, da ya ga lambobi a jere sai da ya karanta. Ya ce rediyo ta ce kasuwa ba ta taɓa yin ƙarfi kamar yanzu ba. Na gaya masa zancen Alhaji Buba na tozon bajimi, ya ce shi bai zo sayen saniya ba. Na ga lissafi ba zai tsayar da shi ba, sai na shiga ta inda na san zai ji. Na tambaye shi ko an cire albasar bana. Ya ce da saura. A wajenmu kuwa mai mutunci ba ya sayar da fadama da shuka a tsaye a kanta, don wanda ya yi haka cewa za a yi wani abu ya koro shi, gida ya karye. Na roƙe shi abu biyu: ya bari a cire albasa tukuna, sannan ya ba ni izni in sayar da abin da yake da shi a bankunan tun akwai masu saye.

Ya rufe littattafan. Na farkon ya karɓa don kunyar mutanen Maruta, ba don ni ba. Na biyun kuwa sai da ya miƙe ya kama ƙofa sannan ya ce, "Ka sayar. Amma in ya tashi bayan ka sayar, ka nemi wani malamin da za ka riƙa gaisarwa."

Na sayar masa a makon, kuɗin suka shiga asusunsa. Na sayar da ɗan abin da nake da shi. Na bi sauran mutanena gida-gida, waɗanda suka ji ba su kai rabi ba. To, sai kasuwa ta ci gaba da tashi.

Mako biyar tana tashi. Ban taɓa ganin makonni masu tsawonsu ba. A majalisa aka raɗa mini Garba Mai Tsamiya, wani ya ce in kunu nake damawa a aiko masa. Waɗanda na sa suka sayar suka riƙa zuwa da jarida suna nuna mini abin da na jawo musu, suna ficewa zuwa shagon Ɗanlami. Na haɗu da Malam Haladu a masallacin Juma'a na Gwaram, na durƙusa, ya wuce kamar ya ga kututture. Wannan ya yi mini ciwo fiye da duk sauran. Har shakka ta kama ni, na sake lissafin kamfani arba'in ɗin daga tushe, kwana uku ina yi, ya fito yadda yake. Dama ta koma goma sha ɗaya, ta koma takwas. Sannan labari ya iso ni cewa Malam ya yi wa Ɗanlami alkawari, da an cire albasa zai kai masa kuɗin fadamar har da waɗanda na ceto masa.

Na hau babur na tafi Maruta ba don in ga kowa ba, sai don in ga albasa. Na tsaya a bakin fadamar na duba. Ganyen ya fara kwanciya, wanda duk ya san albasa ya san bai fi kwana goma ya rage ba. Na dawo gida ba abin da zan iya, sai addu'a da ci gaba da jefa ƙwaya a gwangwani.

Ana saura 'yan kwanaki a cire albasar, sai bankuna suka fara sauka. Ranar farko aka ce hutawa suke. Rana ta uku Ɗanlami yana cewa dama ce ta samu, a saya da araha. Aka cire albasa, mai sayen fadama ya shirya, mai unguwa da shaidu suka sa ranar ciniki. Ranar ta zo, Malam Haladu ya aika musu cewa a ɗaga zuwa mako mai zuwa. Makon ya zo ya sake ɗagawa. Kafin na uku babu mai sake tayar da maganar, don kasuwar ta rufta. Akwai iyakar da aka yanka wa farashi ya faɗi a rana, sai ya zama kullum ya faɗi iyakar ya tsaya, gobe ya sake. Kowa yana son sayarwa, mai saye babu. Takardun da aka naɗe a leda suka koma takarda kawai.

Ba zan ɓoye ba, shekarar ta yi muni. Na san direban da motarsa ta tafi a bashin saye. Na san malaman da suka ƙi jin maganata, kuma ganinsu bai sa ni farin ciki ba ko kaɗan. Ɗanlami ya rufe shago ya koma Kano. Ni ma la'ada ta ƙafe, babu mai saye babu mai sayarwa, sai da na koma kasuwar Gwaram ina awon hatsi don tukunyar gidana. Amma ko ranar kasuwa, in na dawo sai na cike littafina. Kuma duk wanda ya ji maganata ya sayar, babu wanda ya rasa ko rufin ɗaki. Waɗanda suka ce mini Mai Tsamiya da dariya suka koma faɗinsa da girmamawa, har yau sunan yana nan, ni ma na daina jin haushinsa.

Wata ranar Laraba ina tsakiyar lissafi na ji tsohon babur ɗin nan ya tsaya. Malam Haladu ya shigo, buhun albasa ɗaure a bayan babur, littafin rubutu a hannunsa, jan biro a aljihu. Na durƙusa, wannan karon ya amsa. Ya zauna a kujerata ba tare da na ba shi ba, ya buɗe littafinsa kusa da nawa. Ashe tun ranar da ya fita daga shagona a fusace ya je sakatariyar ƙaramar hukuma ya kwaso tsofaffin jaridu na wata uku, ya zauna a zaurensa yana lissafin kamfanonin nan da kansa, da niyyar ya kama kuskurena ya zo ya kunyata ni a gaban jama'a. Ya yi ta nema, lissafinsa yana ta fitowa daidai da nawa. Ranar da aka sa za a yi cinikin fadama, ƙwaya biyar ya samu a dama. Shi ya sa ya ɗaga.

Ya bi littattafaina huɗu shafi-shafi, yana sa alamar daidai da jan biro, ni ina tsaye hannu a baya, mutum mai 'ya'ya shida. Da ya kai shafin ƙarshe ya rubuta wani abu ya zagaye shi, ya tura mini. Tara bisa goma.

Na ce, "Malam, ɗayan fa?"

Ya ce, "Rubutunka har yanzu kamar kaji sun yi tono. Je ka sauke albasarka."

Malam Haladu ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Fadamar tana nan a Maruta, jikokinsa ke noma ta, kuma duk rani buhun albasa yana zuwa ƙofar shagon nan ba tare da na aika ba. Ku da wayarku ke yi muku lissafin da nake kwashe awa biyu ina yi, ban hana ku danna ta ba, amma kafin ku saya ku gaya mini nawa ne a dama yau. Shafin nan da Malam ya sa wa maki kuwa, shi ne kuke gani a bango cikin gilashi, sama da takardar iznin sana'ata. A shekara takwas da na yi a makarantarsa, ban taɓa wuce huɗu bisa goma ba.